Bakin Mugu Ya Fi Wuƙarsa: Finafinan Baƙar Magana da 'Yan Kallonsu a Suleja

Tun gari bai gama wayewa ba motocin haya ke fara barin Suleja zuwa Abuja. Ma'aikatan gwamnati, masu gadi, magina, 'yan tireda, duk wanda kuɗin haya a babban birnin tarayya ya fi ƙarfinsa ya dawo nan ya tare, kullum sai ya wuce gindin Dutsen Zuma, ya bi ta Madalla, ya faɗa cunkoson Zuba. In ka waiga a cikin motar za ka ga kawuna a sunkuye kan waya, abin sauraro a kunne. Wasu wa'azi suke ji, wasu labarai, amma da yawa fim ne. Fuskar wayar ba ta wuce tafin hannu ba, wata ma ta tsage, ga hasken rana, ga mota na girgiza. Hoton da darakta ya sha wahalar ɗauka ba ya fita sosai. Abin da ke isa ga ɗan kallo cikakke shi ne murya, kuma muryar da ta fi riƙe shi ba ta mutumin kirki ba ce.

Duk mai bin finafinan Hausa masu dogon zango ya san haka. Jarumi na iya zama kyakkyawa, mai haƙuri, mai ladabi, amma ba don shi ake ƙagara sati ya zagayo ba. Ana jira ne a ji me uwar miji za ta sake gaya wa surukarta, wace ƙarya kawu zai shirga don ya haɗiye gadon marayu, da wane irin gori 'yar mai kuɗi za ta tarbi yaron da ke aiki a kamfanin ubanta. Mutanen da ba za ka so ku haɗa katanga da su ba su ne ke ɗauke da fim, kuma makaminsu harshe ne. Ni dai ban ga aibu a nan ba. Aibun yana wajen yadda ake rubuta miyagun nan, da yadda ake sallamar su a ƙarshe.

A shagon tura fim

Suleja ta dace da lura da wannan al'amari. Garin Zage-zagi ne tun asali: Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, shi ya kafa shi a 1828 bayan jihadi ya fitar da gidan sarautar Haɓe daga Zariya. Da sunan Abuja aka san shi har lokacin da aka ba sabon babban birnin ƙasa sunan, shi kuma aka koma kiransa Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Gbagyi da Koro sun riga kowa zama a yankin, kuma tun da aka fara gina Abuja, Nufawa da Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu suka cika unguwanni daga Kwamba har Maje. Shi ya sa kunnen ɗan Suleja ya saba da fim iri uku a lokaci guda: na Kano, na Kudu, da na Indiya da aka juya Hausa.

Ka tsaya a wani shagon tura fim a kewayen kasuwar IBB. Tebur ne da kwamfuta, da tulin wayoyi a jone suna caji, da ɗan janareto a ƙofa. Yaro zai zo da wayar yayarsa ko ta mahaifiyarsa, an rubuto masa sunan fim a 'yar takarda. Wani lokaci ba a ma riƙe sunan ba, sai dai a ce masa ya karɓo ci gaban wanda matar nan mai masifa take ciki, kuma mai shago zai gane nan take. YouTube ya rage wa waɗannan shaguna ciniki, amma tsadar data ba ta bari sun mutu ba. In wayar ta koma gida, za a jingina ta a bakin taga ko a jikin bokiti, uwar gida na yanka alayyafo tana saurare. Ba za ta ɗago kai ba sai ta ji an yaɓa wata magana mai zafi, sannan ta ajiye wuƙa ta ce, kai, wannan mata ba ta da imani.

Me ya sa maganar ta yi yawa

Dalili na farko kuɗi ne. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, fim ɗin Hausa bai taɓa samun jari mai kauri ba. Tseren mota da gobara da taron ɗaruruwan mutane duk kuɗi ne. Falo guda, kujeru uku da kyamara kuwa ba su da tsada. Da satar fasaha ta karya kasuwar faifai, sai sana'ar ta koma talabijin da intanet. Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. A 2020 Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka nuna wa kowa cewa fim mai fita duk sati shi ne kasuwar yanzu. Wanda zai cika kusan awa guda duk mako, kuma kuɗin tallarsa ya danganta da daɗewar ɗan kallo, babu abin da ya fi masa sauƙi irin ya zaunar da mutum biyu su yi ta cacar baki.

Na biyu hukuma ce. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ba ta da iko a Jihar Neja, amma abin da aka yanke a Kano ba ya isowa Suleja. A 2021, zamanin Isma'ila Na'abba Afakallahu, ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana finafinan daba da na daudu. Ga kuma tsohuwar ƙa'idar da kowa ya sani, cewa namiji da mace ba sa taɓa juna a fim. To in aka karɓe wuƙa daga hannun mugu, aka hana hannu kaiwa ga jiki, so da ƙi duka sai su koma baki. 'Yan wasa irin su Shu'aibu Lawan Kumurci da Tijjani Asase, waɗanda suka yi suna da fitowa a 'yan daba da 'yan fashi, filinsu ya ragu. Na masu zafin harshe kuma ya ƙaru.

Amma akwai dalili na uku da ya girmi waɗannan duka. Bahaushe da kunne ya fara kallon wasa. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amanar kowa har da matarsa Ƙoƙi, kuma shi yara suka fi roƙon a ba su labarinsa. Wasannin Shu'aibu Makarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu, a rediyo aka fara jin su kafin su zama littattafai. Duk wanda ya karanta Uwar Gulma na Mohammed Sada a sakandare bai manta Hayatu ba, mijin da ya mayar da zaman Halima azaba. Samanja Mazan Fama, marigayi Usman Baba Pategi, da tsawa da baki ya riƙe masu sauraro shekara da shekaru. Al'ummar da ta ƙware a habaici da gatse da shaguɓe da gugar zana ba za ta gaji da fim don an yi magana da yawa ba. Tana gajiya ne in maganar ba ta da nauyi.

Waɗanda suka iya

Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta fito a kishiya mai fitina a Ki Yarda da Ni, wanda aka ɗauko daga littafin Bilkisu Funtuwa, sunan Biba Problem ya bi ta har ta rasu a hatsarin mota a farkon 2010. Hajiya Saratu Giɗaɗo, Daso, ta fara da Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya a 2000, ta shafe sama da shekara ashirin tana fitowa a uwar miji ko kishiyar uwa da ba a shiga gonarta. Harararta kaɗai ta isa, amma gwanintarta tana wajen sanin inda za ta ja kalma da inda za ta datse ta. Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu cikin Labarina wani salo ne daban: ba ya buƙatar ɗaga murya, da daɗin baki da rantsuwa da fuskar tausayi yake cuta, har ka tsinci kanka kana dariya alhali ranka na ɓaci. Adama matar Kamaye a Daɗin Kowa, wadda Zahra'u Saleh ke fitowa a matsayinta, son abin duniyarta irin wanda ake gani ne a kowane layi. Bawa Maikada na Kwana Casa'in, a hannun Sani Mu'azu, gwamna ne da ke shirya mugunta cikin natsuwa da babbar riga. Hajiya Nafisa ta Izzar So, wato Aisha Najamu, izza ce tsagwaronta.

Abin da ya haɗa su shi ne mun san su. Ba daga wata duniya suka faɗo ba. Mugun fim ɗin Indiya, irin Gabbar Singh na Amjad Khan a Sholay na 1975, ko Mogambo na Amrish Puri a Mr. India na 1987, yana da sansani da yara da bindigogi, ka kalle shi ka ji tsoro ka tashi ka manta. Namu kuwa a tsakar gida yake zaune, yana da carbi, ana gaishe shi da safe.

Sai dai ba kowane marubuci ne ya gane inda ƙarfin yake ba. A ɗauka amarya ce, wadda mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, ta kawo wa uwar miji tuwo. Marubuci mai sauri zai sa tsohuwar ta miƙe tana kumfar baki, banza, 'yar matsiyata, ba ki iya komai ba, a yi minti biyar ana nanata abu guda. Marubucin da ya zauna da mutane zai sa ta buɗe kwanon a hankali, ta ɗanɗana miyar, ta mayar da murfi. Ba za ta dubi yarinyar ba, ɗanta za ta duba, ta ce cikin sanyin murya: "Kada ka yi mata faɗa, ɗan nan. Wanda bai tashi gaban uwa ba, a ina zai koya?" Babu zagi ko ɗaya a ciki, har kamar kariya ce. Amma duk macen da ta taɓa zaman gidan miji ta san an soke ta a inda ba ya warkewa, kuma ta san in yarinyar ta kai ƙara babu abin da za ta iya riƙewa ta ce ga laifin.

Irin wannan rubutu yana cin lokaci. Akwai waɗanda suka iya shi, cikinsu har da marubutan da suka fito daga duniyar littafi irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman. Amma marubuta sun daɗe suna kukan cewa su ake ƙwara a rabon kuɗin fim, kuma ba a rasa inda ake isa wurin ɗauka da guntun bayani kawai, a ce wa 'yan wasa ku yi faɗa a kan kaza. Abin da ke fitowa daga nan hayaniya ce. Kamar miyar da aka yi ta ƙara wa ruwa don ta ishi baƙi, yawa ya samu, ɗanɗano ya tafi.

Ladan da ɗan wasa ke samu

Wanda ya iya fitowa a mugu yana biyan farashi a rayuwarsa ta zahiri. Ɗan kallo da yawa ba ya raba mutum da rawar da ya taka. A ƙarƙashin hoton ɗan wasa a Facebook ko TikTok za ka ga ana jera Allah ya isa saboda abin da ya yi wa wata marainiya da ba ta wanzu ba. Furodusoshi ma ba sa taimakawa: da zarar fuska ta karɓu a mugunta, an rufe mata sauran ƙofofi. Haka Patience Ozokwor ta sha a finafinan Kudu, har sunanta ya zama kamar lakabin muguwar suruka a gidajen da ake kallon su a Suleja. Ranar da Daso ta rasu a Kano, 9 ga Afrilu 2024, jajibirin ƙaramar Sallah, abin da abokan aikinta suka yi ta faɗa shi ne raha da barkwancinta da son mutane. Da yawa daga masu kallo sai a ranar suka san matar da suka shekara ashirin suna jin haushi ba ita ba ce. Aikinta ne ya yi kyau har ya rufe ta.

Kukan iyaye da malamai

Akwai ƙorafin da bai kamata a yi watsi da shi ba. Iyaye na cewa yara na kwashe baƙar magana daga fim su kawo gida, ƙanwa ta murguɗa wa yayarta baki da salon da ta gani a waya. Gaskiya ne, kuma abin ya ƙaru tun da aka fara yanko daƙiƙa talatin na zagi daga cikin fim ana yaɗawa a TikTok, babu abin da ya jawo shi, babu abin da ya biyo baya. Yaron da ya ga wannan guntun bai ga zalunci ba, ya ga gwaninta. Ina tare da iyaye a nan, kuma masu yanko irin waɗannan guntaye don jawo 'yan kallo suna da alhaki.

Inda na rabu da wasu shi ne maganin da suke kawowa, wato a tsabtace fim daga miyagu, ko a tabbatar kowane mugu ya ga sakayya kafin a rufe. Wannan na biyun ya riga ya zama al'ada. Mun san yadda ake yi: a kashi na ƙarshe mota ta kife da muguwar, ko ɓarin jiki ya shanye, ko asirin da ta yi ya koma kanta ta haukace. A kwantar da ita a gadon asibiti, a tara duk waɗanda ta zalunta, ta ce ku yafe mini, su ce mun yafe. An faɗakar ke nan.

Mun yi imani da hisabi, babu ja. Amma addinin da ya koya mana hisabi bai yi mana alkawarin cewa kowane azzalumi zai shanye a duniya a gaban idon wanda ya zalunta ba. Ana yi wa wani jinkiri har ya mutu da girmansa. Matar da ke zaune a unguwar Rafin Sanyi nan Suleja da muguwar suruka shekara goma sha biyar, me fim ɗin ya gaya mata? Ta jira hatsarin mota? Kuma me ya gaya wa ita surukar, wadda ita ma tana kallo? Ta ga dodo mai zare ido da zuwa wurin boka, ta ce ai ni ba haka nake ba. Da an nuna mata mace mai sallah da azumi, mai son ɗanta da gaske, mai tsoron tsufa cikin kaɗaici, wadda wannan tsoron ne ke fitowa ta bakinta a matsayin dafi, da ta yi shiru.

Amurka ma ta bi ta wannan hanya. Daga 1934 masana'antar Hollywood ta yi aiki da wata ƙa'ida da aka fi sani da sunan Hays, wadda ta hana a bar mai laifi ya ci riba ko a jawo masa tausayin 'yan kallo. A 1966 Mike Nichols ya fitar da Who's Afraid of Virginia Woolf?, daga wasan Edward Albee: mutum huɗu, dare ɗaya, mata da miji suna yayyaga juna da harshe a gaban baƙinsu. Babu wanda za ka so a cikinsu, babu wanda ya tuba, amma Elizabeth Taylor ta ci kyautar Oscar da shi, kuma zuwa 1968 an yi watsi da ƙa'idar aka koma rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo. Ba ina cewa mu kwaso ashariyarsu ba ne, tarbiyyarmu daban. A nan gida ma Kemi Adetiba ta yi King of Boys a 2018, inda Sola Sobowale ta fito a Eniola Salami, mace mai kisa da ba da umarnin kisa, kuma uwa mai kuka da hawaye na gaske.

Ba sai mun je nesa ba. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990, daga baya aka mayar da shi fim, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 2012. Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'ya tara saboda amarya. Sakayya ta zo masa, dukiya ta tafi. Amma marubuciyar ba ta tsaya a nan ta tafa hannu ba. Rabi, wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci tana riƙe 'ya'yanta, ita aka taru a kai aka matsa wa ta koma ta ɗauki nauyin mutumin da ya wulaƙanta ta. Mai karatu na rufe littafin da ɗaci a maƙogwaro, domin ya gane muguntar ba ta Alhaji Abdu kaɗai ba ce, har da ta mutanen kirkin da suka zo ba da haƙuri.

Labaran da ke nan Suleja

Yawancin finafinan da ake turawa a shagunan garin nan a manyan falukan Kano ko Kaduna aka ɗauke su, kuma muguntar cikinsu ba ta cika wuce kishi da gado da auren dole ba. Alhali garin da ke maƙwabtaka da Abuja yana da nasa miyagun da ba a taɓa ba. Akwai mai gidan haya da ke ƙara kuɗi duk shekara yana cewa ai don zumunci ma ya rage. Akwai ogan da ke riƙe albashin mai gadinsa wata uku, in an tambaya ya ce kai ba ka da tawakkali. Akwai mai kawo yara mata daga ƙauye aikatau ta karɓe kuɗinsu, tana kiran kanta uwarsu. Akwai dillalin da zai sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ya rantse wa kowanne.

A 1992 an yi wani fim a Amurka, Glengarry Glen Ross, daga wasan David Mamet, da Al Pacino da Jack Lemmon a ciki. Dillalan filaye ne huɗu da kamfani ya gaya wa cewa biyun da suka fi kawo ciniki ne kaɗai za su tsira da aikinsu. Daga nan sai ƙarya da cin dunduniya da roƙo da cin mutunci, kusan duka a ofis ɗaya da gidan abinci ɗaya. Babu na kirki a cikinsu, amma kana ganin yunwa da tsoron da ke tura kowanne. Wanda zai yi irinsa da Hausa a Suleja ba ya buƙatar hayar katafaren gida ko jerin motoci. Benci ne a inuwar wani shago a hanyar Kaduna, dillalai huɗu, takardar fili ɗaya, da wani ɗan fansho da ya zo da kuɗin sallamarsa a leda. Kuɗin da za a kashe wa hayar falo sai a ba marubuci, a bar shi ya yi wata biyu yana zama cikin dillalai yana sauraron yadda suke magana kafin ya rubuta layin farko.